Tattasai Tara a Ƙoƙo Uku

A shekarata ta biyu a Diffa na fara zuwa gidan wani tsohon ma'aikacin gidan waya ranar Lahadi. Daga Tasawa aka turo ni aikin jinya a gidan likita, kuma ban ɓoye wa kowa ba cewa ban so zuwan ba. Mutanen gari suna ce mini Majo, yadda ake ce wa duk babban mai jinya, in na juya baya kuma su ƙara da "mai faɗan nan". Ban ga laifinsu ba. Allah ya yi ni da saurin hawa da dogon baki, in abu bai gamshe ni ba sai na faɗa, ko a gaban wa.

Maigidan nan yana da tele, yana da manyeto, na'urar da ake zura wa kaset, ga kuma kwali biyu cike da tsofaffin finafinai da ya yi shekaru yana tarawa daga Damagaram da Maiduguri. Mu bakwai ne. Muna taruwa bayan azahar, mu kalli fim ɗaya, mu yi la'asar, sannan a ɗora shayi a zauna gardama a kansa har rana ta yi sanyi. Gardamar ita ce abin zuwan. Kallo ai ko'ina ana yi, amma inda za a ce maka "me ya sa mutumin nan bai buɗe ƙofar ba?" a shafe awa guda ana kai ruwa rana, nan kaɗai na samu a garin. Akwai Madam, mai koyar da lissafi a kolej, ita kaɗai ce mace. Akwai jandarma guda daga yamma, wanda in ba a harba bindiga a fim ba barci yake yi. Akwai tela Bafillace, da wani mai gyaran injin ban ruwa. Sai Baba.

Baba manomin tattasai ne daga Shetimari, abokin Maigida tun suna samari. Dogo ne, ba ya da yawan magana, Hausarsa da nauyin Barebarci a cikinta. Tela abokin wasansa ne, ba ya barinsa ya zauna lafiya. Da Baba ya shigo sai tela ya ce, "To, ga bawana ya iso, a ba shi tabarmar baya." Baba ya yi murmushi ya ce, "Bafillace, ina shanun? Ko allura ta cinye su?" A haka ake buɗe kowane zama.

Kafin a watse akan zaɓi fim ɗin da za a kalla a tattauna Lahadi mai zuwa. Da farko hannu ake ɗagawa, sai aka lura kowa yana satar kallon hannun Maigida. Aka koma takarda, Baba ya ce shi ba ya rubutun boko. Ran nan ya sa hannu a aljihu ya ciro busasshen tattasai guda ya ce ga ƙuri'arsa. Daga nan abin ya zauna. Ana jera kaset uku a ɗakin ciki, gaban kowane a ajiye ƙoƙo a rufe da faifai. Kowa ya zo da tattasansa ɗaya daga gida, ya shiga shi kaɗai, ya jefa ya fito. Maigida ya juye kowane ƙoƙo a tire ya ƙirga. Bayan nan uwargida ta aiko a kai mata ƙuri'un, su shiga miya.

Muna ce wa abin zaɓen sirri, amma wane sirri! Mu ma'aikata tattasan kasuwa muke kawowa, na ƙasan buhu, ƙanana, a yamutse. Na tela kullum da zare a manne. Na Baba kuwa ko daga ƙofa ka hango shi ka san shi: babba, ja wur har yana ƙyalli, ba tabo ko ɗaya, irin wanda manomi ke ware wa kansa ba ya kai wa kasuwa. Kowa ya san inda kowa ya jefa. Sai dai ladabin wurin shi ne ka yi kamar ba ka sani ba.

Dokoki biyu ne kawai. Ba a roƙon ƙuri'a, ba a nan ba, ba a waje ba. Sannan duk fim ɗin da ya sami ko da tattasai ɗaya ne, yana nan cikin jerin sati mai zuwa. Wannan doka ta biyu ita ta haɗa ni da Baba.

Akwai wani kaset a kwalin da ba ya da ko suna a jikinsa, takardar ta ɓare. Fim ɗin Indiya ne na da can, baƙi da fari, ba fassara. An taɓa zura shi don a ga ko mene ne, hoton yana rawa, ƙarar tana shuu kamar ana soya mai, aka cire kafin minti biyar. Amma Baba ya ji waƙar farko, ya ce a sa shi a jeri. Tun daga ranar, kowace Lahadi sai an juye ƙoƙon kaset ɗin nan an ga tattasai ɗaya, babba, ja. Ba ya cin zaɓe, ba ya kuma fita. Ya tare mana gurbi guda cikin uku fiye da shekara.

Ni abin ya fi ci wa rai. Ina da wani fim na Faransa da na gani ina ɗalibi a Yamai, na ƙagu a kalle shi in nuna wa mutane cewa na yi karatu. Rannan na kasa daurewa. Na ce, "Haba jama'a! Wannan mataccen kaset sai yaushe za a yi masa sutura? A canza doka mana. Abin da ya faɗi sau uku ya fita." Na ƙara da cewa wanda ke son kuka da rawa a gindin bishiya ya je gidan bidiyon bakin tasha. Ina faɗa ina kallon sama, don wai ban san mai jefa tattasan ba. Maigida ya ce doka tana nan yadda take. Baba ya ci gaba da kurɓar shayinsa.

Bayan wata biyu ko uku wani lokotoron ido, wato likita, ya zo daga Damagaram ya yi mana sati guda, ni aka sa in riƙa taimaka masa. A rana ta uku ina kiran mutane sai ga Baba a layi. A lokacin na tuna ya ɗan jima bai zo Lahadi a kan babur ɗinsa ba, motar kasuwa yake shigowa, mu kuwa ba wanda ya tambayi dalili. Lokotoro ya daɗe a kansa. Da ya gama ya yi mini bayani da Faransanci, ni kuma na juya wa Baba. Ba yanar ido ba ce da za a cire mutum ya warke. Irin ciwon nan ne mai cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama saura ɗan tsakiyarsa, kamar mai leƙe ta cikin kara. Maganin ɗigawa zai ɗan ja lokaci, amma an zo a makare, ƙila watanni ne suka rage.

Na faɗa wa mutane da yawa maganganu masu nauyi a aikin nan, amma ta ran nan ta fi mini nauyi. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce Alhamdu lillahi, ya gode wa lokotoro. Na raka shi har gindin dogon yaro da ke bakin ƙofa. A nan ya kama hannuna.

"Majo, wannan magana ta tsaya tsakanina da kai. Ban so a riƙa ja mini hannu tun ban faɗi ba."

Na ce, "Baba, ko ba ka roƙa ba, aikina ya hana ni faɗa."

Ya gyaɗa kai. Ni kuma da bakina da ba ya zama wuri ɗaya, sai na ji na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina. Na ce, don Allah mene ne a cikin kaset ɗin nan?

Ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya ba ni labari. Yana saurayi ya raka mahaifinsa Maiduguri kai tattasai, karonsa na farko a birni. Ya sulale ya shiga silima. Fim ɗin wani tsoho ne mai tsaron shingen hanyar jirgin ƙasa, shi da ƴarsa guda. Suka sami saɓani, cikin fushi ya kore ta, ta hau jirgi ta tafi. Daga nan kullum in jirgi zai wuce, tsohon ya sauke shinge ya tsaya yana bin tagogi da kallo. Ana nan sai Baba ya ji an damƙi kunnensa daga baya. Mahaifinsa ne, ya biyo sawu. Haka aka fito da shi a gaban jama'a, bai ƙara shiga silima ba har mahaifin nasa ya rasu.

"Shekara arba'in da wani abu ke nan," in ji shi. "Ban sani ba ko yarinyar ta dawo."

Na ce, "Subhanallahi! Baba, ai da ka ce wa Maigida ya zura maka ranar Talata ko Laraba, ku biyu. Abokinka ne fa."

Ya ce, "A'a. Na mutane ne, da doka. In ya ci, a kalla tare. Kuma ni ba na son in gani ni kaɗai in rasa wanda zan yi gardama da shi."

Kwana biyu bayan haka aka kawo mini ƙullin tattasai gida, wai daga Baba, na godiya. Na buɗe na gani, irin nasa ne na musamman. Na rataye shi a ƙusa a madafa.

Lahadin da ta biyo na shiga ɗakin ciki, na wuce kaset ɗina na Faransa, wanda da ƙyar na samu ya shiga jeri, na jefa ƴar yamutsattsiyar ƙuri'ata a ƙoƙon Baba. Da aka juye, biyu. Tela ya dube ni ya dubi tire, ya ce, "Ikon Allah, yau bawana ya yi aure." Aka yi dariya, fim ɗin kaboyi na jandarma ya ci. Sati na gaba ma biyu. Na uku ma biyu. Ni kuwa yanzu idona a kan Baba yake. Na ga yadda yake lalubo kofin shayi da yatsa kafin ya ɗauka, na ga yadda yake juya kai gaba ɗaya in zai dubi mai magana. Sauran ba su lura ba, don ba su san abin da za su lura da shi ba. Kowace Lahadi ta wuce sai in ji kamar an yanke wani abu daga ɗan abin da ya rage masa.

Ba damar in roƙi kowa, doka ta hana. Ba damar in faɗi dalili, alkawari ya hana. Na yi tunanin in je wa Madam da zagaye-zagaye, na san za ta tsare ni da tambaya har sai ta tatso gaskiya. To, mai saurin fushi in hanya ta toshe masa, dabarar banza yake yi. Na yanke shawara zan yi maguɗi.

Ranar na makara a wurin aiki, na biya gida a gurguje. Tattasan kasuwa ya ƙare a madafa. Ban yi wani tunani ba na miƙa hannu cikin ƙullin da ke rataye a ƙusa, na ɗebo uku na zuba a aljihu. Lissafina shi ne, nawa uku da na Baba ɗaya huɗu ke nan, ba mai kamo mu. Maigida ƙoƙo-ƙoƙo yake ƙirgawa, bai taɓa haɗa jimla ba. Wallahi ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba in dubi abin da na ɗebo.

Aka yi kallo, aka yi gardama, aka shiga zaɓe. Maigida ya juye ƙoƙon farko, na wani fim ɗin kaboyi, uku. Na biyu, wanda ke gaban fim ɗina, biyu. Ya ɗaga faifan na ƙarshe ya juye. Tattasai huɗu suka gangaro a tire, manya, jajaye, masu ƙyalli, kamar daga reshe ɗaya aka tsinko su.

Madam ce ta fara magana, a hankali, kamar ba da son ranta ba. "Uku da biyu da huɗu, tara. Mu bakwai ne."

Ba wanda ya dubi Baba, kuma rashin dubansa ɗin ya fi duban muni. Mai gyaran inji ya sunkuyar da kai. Jandarma ya yi gyaran murya ya kau da fuska. Tela, wanda bai taɓa barin wata dama ta wuce shi ba, ya kama bakinsa gum. Kowa a wurin ya san gonar da tattasan nan suka fito, kuma kowa ya yanke hukunci a ransa: dattijo ya gaji da faɗuwa ya yi abin kunya. A lokacin ne na gane abin da na aikata.

Baba kuwa daga inda yake ba ya ganin tire. Ya ce, "Maigida, nawa aka samu?"

Maigida ya tsura wa tire ido. Abokinsa ne na shekara arba'in.

Na miƙe tsaye, har na ture kofi. "Ni ne! Ni na jefa uku. Baba ɗaya ya jefa kamar kullum."

Na zaci shi ke nan. Ina! Jandarma ya ce, "Majo, zauna. Mun gane, ka kyauta. Rufa wa babba asiri abu ne mai kyau."

"Wane rufin asiri? Na ce maka ni ne!"

"Kai da ka ce a yi wa kaset ɗin sutura?" in ji Madam. "Ka jefa ɗaya don kara, mun gani, mun yi shiru. Amma uku? Kuma a ina ka sami wannan tattasai? Kai da naka kullum kamar an tauna an tofar."

Na ce ba ni aka yi. Suka ce wa ya ba ka, kuma don me. Na ce ba ruwanku. Maigida ya ce, cikin sanyin murya, in har ni ne, to in faɗi dalili ɗaya da zai sa in yi wa fim ɗin da na tsana maguɗi, shi zai yarda. Dalilin yana nan a bakina, kalma biyar ba ta cika ba. Na dubi Baba. Na haɗiye. Sai fushi ya taso mini, irin na wanda ba ya da gaskiya kuma ba ya da mafita, na fara ɗaga murya ina cewa wane irin mutane ne ku, mutum ya ce shi ɓarawo ne ku ce ƙarya yake. Duk abin da na faɗa ƙara tabbatar musu yake cewa kare Baba nake yi.

"Majo, zauna," in ji Baba.

Ban taɓa jin ya yi magana da wannan murya ba. Na zauna.

"Yanzu na gane abin da ke tire. Tattasaina ne, ni na aika masa. Gaskiya yake faɗa muku, dalilin ne ba zai iya faɗa ba, don ni na ɗaure masa baki. Idona ne ke tafiya. Na hagu ya tafi, na dama yana sallama. Shi ya fassara mini maganar lokotoro. Ya san ina son in ga ƙarshen fim ɗin nan kafin a rufe mini, shi ya sa ya yi wauta."

Ya ba su labarin silimar Maiduguri da kunnen da aka ja, a gajarce, ba tare da neman tausayi ba. Abin da ya roƙe ni in ɓoye, abin da ya fi ƙi a sani, shi ya ɗauko da hannunsa ya ajiye a tsakiyar tabarma. Yana iya yin shiru. Da ya yi shiru, da an bar maganar a haka, wasu na zarginsa wasu na zargina, a hankali ta shuɗe. Amma ya ji ina nutsewa, bai bar ni ba. Ni na jawo masa zargi, shi kuma ya fid da ni. Har yau in na tuna sai na ji kunya da godiya a haɗe.

Maigida ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Madam ta ce, "Baba, ka yafe mana abin da muka zata." Jandarma ya ce a zura kaset ɗin yanzu-yanzu, ba sai an yi wani zaɓe ba.

Baba ya ce, "A'a. Zaɓen nan ya ɓaci, a sake. Kowa ya jefa inda ransa yake so. Wanda ya jefa mini don tausayi, ban gode ba."

Sai a nan tela ya sami bakinsa. Ya ce, "Kai ji bawa da iko! To wa ya ce maka tausayinka ake ji? Ni so nake in ga yarinyar da ta sa aka ja maka kunne." Aka yi dariya, ɗakin ya ɗan saki.

Maigida ya raba tattasai bakwai, ya miƙa mini nawa yana hararata. "Ɗaya, Majo. Ka iya ƙirga ɗaya?" Na ce na iya. Muka shiga bi da bi. Da aka juye, shida a ƙoƙon Baba. Ƙoƙon kaboyi wayam. A gaban fim ɗina na Faransa kuwa guda ɗaya. Kowa ya dubi ɗan'uwansa, don wannan karon tattasan sun gauraya, ba a san na wa ba ne.

Baba ya ce, "Ni ne. In bai sami ko ɗaya ba zai fita daga jeri, Majo kuma ya daɗe yana jira."

Mutumin da na yi wa gatse a gaban jama'a, na kuma kusa zubar masa da mutunci a ranar, shi ke tuna kada kaset ɗina ya faɗi.

Satin nan mai gyaran inji ya ɗauki manyeto ya kwance shi ya goge masa kai, ya naɗe kaset ɗin da hannu daga farko har ƙarshe don kada ya cije. Ni kuma kullum sai na yi addu'a kada a ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ranar Lahadi. Ba a ɗauke ba. Aka rufe tagogi da zannuwa saboda hasken rana, aka jawo wa Baba kujera gaban tele, kusa har gwiwarsa tana taɓa tebur. Na zauna a damansa. Na ce masa in wani abu ya shige masa in faɗa masa. Ya ce, "In na tambaye ka."

Fim ɗin dogo ne, kusan awa uku, hoton yana rawa, wani wuri layuka su ratsa shi. Ba mai jin yaren a cikinmu. Amma ba wanda ya yi barci, har jandarma. Ni da na ce kuka ne da rawa a gindin bishiya, na sami kaina ina jin haushin tsohon nan mai shinge, ina kuma jin tausayinsa, don na san irin bakin da ke korar mutum sannan ya zauna yana da-na-sani. Da aka zo inda yake tsaye yana bin tagogin jirgi da kallo, Baba ya ɗaga yatsa ya ce, "A nan aka fitar da ni." Daga nan bai ƙara motsi ba. Ya kare gefen idonsa na dama da tafin hannu, yana bin hoton da kansa gaba ɗaya, hagu da dama.

Damina ta yi a fim ɗin, rani ya yi, tsohon ya ƙara tsufa. Can wajen ƙarshe jirgi ya zo, maimakon ya wuce sai ya rage gudu ya tsaya nesa da shingen. Wani ya sauko daga taragon baya. Daidai nan kaset ɗin ya fi lalacewa, ƙasa-ƙasa ta cika hoton, mu masu ido biyu ma ba mu iya cewa mace ce ko namiji ba. Inuwa ce kawai tana tahowa a gefen layin dogo. Na matsa kusa da shi ina fargabar ya tambaye ni, don ban san abin da zan ce masa ba.

Bai tambaya ba. Ya ƙara kusantar tele har hasken yana kan fuskarsa.

"Ita ce," in ji shi. "Ku dubi tafiyar. Ita ce."

Sai da aka ƙara kusan minti guda kafin hoton ya washe, fuskar ta fito, mu ma muka gani. Madam ta rufe baki da gyale. Tela ya tashi ya fita waje wai zai duba wutar shayi.

Kafin a gama kwashe tattasan shekarar daga shanya a bakin kogin Komadugu, ganin Baba ya rufe gaba ɗaya. Ya ci gaba da zuwa ranar Lahadi, yana saurare, yana gardama fiye da da. Ni ma na daina rubuta takardar neman a mayar da ni yamma, na yi shekara tara a garin. Amma ba wannan nake yawan tunawa ba. Abin da nake tunawa shi ne bayan an kashe tele ran nan, an yaye zannuwa daga tagogi, ana shimfiɗa tabarmar la'asar. Bisa al'ada wanda fim ɗinsa ya ci shi ke buɗe gardama, kowa yana jiran Baba. Shi kuwa ya laluba ya kamo hannuna, ya matse.

"Majo, ba kai ka faɗa mini ba, ko?"

Na ce, "Ban faɗa ba, Baba. Ni ban ma gane ta ba."

"To ka zama shaida," in ji shi. "Da idona na gani."